Me ya sa kullum Turawan ne tsiraru a tsofaffin fina-finan Ingila na zamanin mulkin mallaka?

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da 'yan'uwa na wannan zaure. A cikin 'yan makonnin nan na zauna na kalli tsofaffin fina-finai uku da aka shirya a Ingila a kan zamanin mulkin mallaka, wato The Four Feathers na shekarar 1939, da Zulu na 1964, da Khartoum na 1966. Ba zan ɓoye muku ba, kallon ya yi mini daɗi, musamman hotunan hamada da na kogin Nilu a fim na farko, inda ake nuna ɗaruruwan mutane suna jan jiragen ruwa da igiya a kan duwatsun kogin. Har yanzu ina mamakin yadda aka ɗauki wannan da kayan aikin wancan zamani.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. A dukkansu uku, Turawan ne 'yan tsiraru. Ko dai an yi musu ƙawanya a cikin gari, ko an ritsa su a bayan buhunan masara, ko kuwa mutum ɗaya ne tal ya ɓad da kama ya kutsa cikin dubban abokan gaba. Mai kallo ba ya ankara sai ya ji zuciyarsa tana bugawa dominsu, yana fatan agaji ya iso kafin a gama da su. Alhali kuwa abin da na karanta a tarihi shi ne, su ne suka tsallako teku da igwa da bindiga mai ruwa suka ci ƙasashen mutane da yaƙi. A yaƙin Omdurman a Sudan na ranar 2 ga Satumba 1898, an kashe Ansaru, wato mabiya Mahadin Sudan, sama da 10,000 kafin rana ta take, su kuwa mamatan rundunar Kitchener, kwamandan Birtaniya, ba su kai 50 ba.

To yaya aka yi mai mamaya ya koma wanda aka mamaye a allon sinima? Akwai hannun gwamnati a ciki ne, ko dabarar masu shirya fim ce kawai domin labari ya yi armashi? Sannan in mutum yana son ya fahimci wannan nau'in fina-finai daga tushe, da wanne ya kamata ya fara?

Tsohon Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ruwa ba ya tsami banza, kuma amsar tambayarka tana farawa ne daga gida ɗaya, gidan Korda. 'Yan'uwa uku ne: Alexander furodusa, Zoltan darakta, sai Vincent mai tsara wuraren ɗauka. Abin ban mamakin shi ne waɗannan mutane da suka fi kowa ɗaukaka daular Birtaniya a sinima 'yan ƙasar Hangari ne, aiki ya kai su Landan. Alexander ya kafa kamfanin London Films a 1932, a lokacin da dokar 1927 ta tilasta wa gidajen sinima na Birtaniya nuna wani kaso na fina-finan gida domin rage ƙarfin Holiwud. Burinsa ya yi fim ɗin da zai sayu a Amurka, kuma ya lura cewa Amurkawan kansu suna kwasar kuɗi da labarun sojojin Ingila a Indiya. Daular tana da hamada, tana da giwaye, tana da manyan koguna da duwatsu, ga kuma littattafan Rudyard Kipling da Edgar Wallace da A. E. W. Mason waɗanda jama'a suka riga suka sani. Saboda haka dalili na farko kasuwa ce.

In kana son tushe, ka fara da Sanders of the River na 1935, wanda aka gina labarinsa a Nijeriya daga gajerun labarun Wallace. A cikin labarun nan, sojojin da ke rufa wa Sanders baya ana kiransu Hausawa ne, amma ba za ka ji komai daga bakinsu ba face amsa umarni. Fim ɗin yana buɗewa da rubutu mai yabon 'yan tsirarun Turawa da ke riƙe da miliyoyin mutane cikin lumana, ka ga ke nan tun daga layin farko an shuka abin da ka lura da shi. Labarin kansa ga shi a taƙaice. Kwamishina Sanders ya tafi hutu Ingila, masu fasa-ƙwaurin bindigogi da barasa suka sa aka baza a bakin ganga cewa ya mutu kuma babu sauran doka a bakin kogi, nan take ƙasa ta hargitse, aka kashe wanda ya riƙe masa kujera. Ba a sami lafiya ba sai da ya dawo a jirgin ruwansa, bindiga mai ruwa tana aman wuta daga gaban jirgin. Darasin da ake so mai kallo ya tafi da shi a fili yake, wato da zarar Bature ya juya baya sai mutane su koma cin naman junansu.

Paul Robeson, shahararren mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, shi ya fito a matsayin Bosambo, sarkin da ya yi wa Sanders biyayya. Ya karɓi aikin ne bayan an nuna masa hotunan raye-raye da waƙoƙin da Zoltan ya ɗauko a Afirka, yana zaton za a nuna mutanen nahiyar da mutuncinsu. Da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin a ƙarshe sai ya barranta da shi, kuma ya yi nadamar fitowa a cikinsa. Cikin 'yan rakiya da aka ɗauka a Landan domin cika fage akwai Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya na farko, da kuma Orlando Martins ɗan Legas, wanda ya daɗe yana fitowa a fina-finan Ingila.

Game da hannun gwamnati, ba wai an kira Korda an miƙa masa labari ba ne. Hanyoyi biyu aka bi. Ta farko ita ce hukumar tace fina-finai ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1912, kuma cikin abubuwan da ba ta yarda da su ba har da nuna Bature cikin ƙasƙanci a tsakiyar mutanen da yake mulka, ko zubar da darajar kakin soja. Ta biyu ita ce alfarma. Wanda yake son ya ɗauki fim a Sudan ko a kan iyakar Indiya, dole ya nemi izinin hukuma, ya nemi aron sojoji da dawakai da raƙuma, kuma a The Four Feathers sojojin Birtaniya da ke zaune a Sudan a lokacin ne suka sa kakin zamanin Kitchener suka tsaya gaban kyamara. Wanda ya ara maka runduna ba ka yin fim ɗin da zai ci mutuncinsa. Ba a bukatar umarni a rubuce.

Kada kuma ka ɗauka waɗanda aka mulka sun yi shiru. A 1938 'yan Korda suka fitar da The Drum, inda Sabu, yaron nan ɗan Mysore da suka gano a fim ɗin Elephant Boy na 1937, ya fito a matsayin ɗan sarki mai ƙaunar Turawa, kawunsa kuwa maci amana mai shirin karkashe su a wurin liyafa. Da aka kai shi Bombay, Musulmin birnin suka fito zanga-zanga a ƙofar gidajen sinima har sai da aka janye shi. Shi ma Zoltan an san ya sha saɓani da yayansa a kan yadda ake nuna 'yan Afirka, kuma a 1951 shi ne ya shirya Cry, the Beloved Country a kan wariyar launin fata a Afirka ta Kudu.

Mai Kyamara ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayanin ya gamsar. Ni dai ina son in ƙara wani abu daga ɓangaren sana'a, domin a ganina rabin amsar yana can. Labarin yaƙi ba ya riƙe mai kallo sai in wanda yake bi yana cikin haɗari. Ka ɗauki Omdurman yadda ta faru: mutane sanye da jibba mai faci suna rugowa a fili da masu da takubba da tutoci, igwa da bindiga mai ruwa suna zubar da su tun ba su matso kusa ba. Babu darakta da zai iya mai da wannan ya zama jarumtar mai harbi. Shi ya sa a The Four Feathers aka karkatar da ido daga filin daga zuwa kurkukun Omdurman, inda jarumin fim ɗin Harry Faversham da 'yan fursunoni suka ƙwace rumbun makamai da hannu. An bar yaƙin da bindiga ta ci, an ƙirƙiro wanda zuciya ta ci.

Amma ina roƙon a yi wa Zulu adalci, domin ba a sahu ɗaya yake da Sanders ba. Daraktansa Cy Endfield Ba'amurke ne da aka hana shi aiki a ƙasarsa saboda zargin kwaminisanci, shi kuwa Stanley Baker, wanda ya haɗu da shi wajen shirya fim ɗin ya kuma fito a matsayin Laftanar Chard, ɗan ma'aikacin haƙar kwal ne daga Wales. Ba masu bautar daula ba ne. Ku tuna yadda aka gabatar da rundunar Zulu. Da farko ba a ganin kowa, sai wata ƙara daga nesa kamar ta jirgin ƙasa, sojoji suna ɗaga kai suna tambayar juna. Can sai kyamara ta bi bakin tudu a hankali, ga mutane sun yi sahu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, garkuwa tana gogar garkuwa, suna dukanta da mashi. An nuna dattijon kwamandansu a kan dutse yana ba da umarni da hannu, an kuma sa wani Bature ɗan ƙasar yana zana wa hafsoshin dabarar ƙahon sa a ƙasa, wato ƙirji ya tunkaro gaba, ƙahoni biyu su zagayo ta gefe. Runduna ce mai horo da tsari, kuma fim ɗin bai taɓa mai da ita abin dariya ba. A ƙarshe, bayan sahu uku na bindigogi sun gama ruwan wuta, hayaƙi ya washe, ga gawawwaki jibge har bakin buhuna, abin da Laftanar Bromhead ya faɗa shi ne yana jin ƙyama da kunya. Michael Caine ne ya yi wannan rawar, kuma ita ta fito da shi duniya.

Yaƙin kansa ya faru da gaske a Rorke's Drift, a Afirka ta Kudu, ranar 22 zuwa 23 ga Janairu 1879. Sojoji kimanin 150 ne suka tare mayaƙa tsakanin 3,000 da 4,000, aka kashe musu 17, aka kuma ba 11 daga cikinsu lambar Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta sojan Birtaniya. Ke nan a nan ba ƙarya aka yi ba da aka nuna su tsiraru. Wanda ya fito a matsayin Cetshwayo, Sarkin Zulu, ma jininsa ne, Mangosuthu Buthelezi, wanda daga baya ya zama ministan cikin gida na Afirka ta Kudu a 1994. Na yarda an yi ƙari. Waƙar da sojoji suka mayar wa Zulu da asuba ba ta faru ba, haka nan jinjinar da Zulu suka dawo suka yi musu daga kan tudu. Farabiti Henry Hook da aka nuna a matsayin mashayi malalaci kuwa mutum ne da ba ya shan barasa, kuma iyalinsa sun ji zafin abin. Amma waɗannan ƙare-ƙare ne irin na kowane fim ɗin tarihi.

Malamar Adabi ta rubuta:

Malam Mai Kyamara, ban musanta kyawun aikin ba, kiɗan John Barry kaɗai ya isa a zauna dominsa. Inda na saɓa da kai shi ne wurin da ka ce ba a yi ƙarya ba. Ana iya faɗin gaskiya zalla a ɓatar da mutum, in dai an zaɓi inda za a fara labari da inda za a tsaya. A wannan rana ta 22 ga Janairu, 'yan sa'o'i kafin Rorke's Drift, Zulu sun murƙushe babban sansanin Birtaniya a Isandlwana, suka kashe sama da mutum 1,300. Fim ɗin ya ba wannan 'yan mintuna a farko, ya wuce. Bai gaya wa mai kallo cewa a Disamban 1878 Sir Bartle Frere, babban wakilin Birtaniya a Afirka ta Kudu, ya ba Cetshwayo wa'adin da ya san babu sarkin da zai karɓa ba, wanda ya haɗa da rushe rundunarsa, ko cewa Lord Chelmsford, kwamandan rundunar Birtaniya, ne ya tsallaka iyaka ranar 11 ga Janairu ya shiga ƙasarsu. Bai nuna yadda aka ƙarasa raunanan Zulu bayan an daina faɗa ba, bai kuma kai ga ranar 4 ga Yuli da aka ƙone fadar Ulundi ba. An yanke gaba, an yanke baya, an bar dare ɗaya tak da Bature yake kare kansa. Sai a 1979 aka yi Zulu Dawn a kan Isandlwana, kuma bai sami ko kusa da karɓuwar na farko ba.

Ga wani ma'auni mai sauƙi da nake ba ɗalibaina: ku ƙirga waɗanda aka ba suna. A cikin sansanin mun san saje, mun san likita, mun san mai dafa abinci, mun san wanda yake kewar gonarsa da ɗan maraƙi. A waje kuwa dubbai ne marasa suna, ana jin maganarsu ba a fassara ta. Dabulamanzi, ƙanen sarki da ya jagoranci harin, ba ya cikin mutanen da aka gabatar mana. Duk wanda ya faɗi a ciki mutum ne ya mutu, duk wanda ya faɗi a waje adadi ne ya ragu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma hukumar tace fina-finai ta gwamnatin wariyar launin fata ba ta ma yarda a nuna fim ɗin ga baƙaƙen fata a gidajen sinima ba.

Khartoum ya fi damuna. An ɗauko Laurence Olivier aka shafa masa baƙin kwalli a fuska, aka sa shi yana juya ido da harshe a matsayin Muhammad Ahmad Mahadi. Tsohuwar al'ada ce: Raymond Massey ɗan Kanada ne ya yi mugun kawu a The Drum, John Laurie ɗan Sikotilan ya yi Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, a The Four Feathers, Alec Guinness kuma ya yi Yarima Faisal a Lawrence of Arabia na 1962. Sau da yawa in ɗan ƙasa zai yi magana mai nauyi, Bature ake sa wa rawani. Sannan ganawar da aka nuna tsakanin Mahadi da Janar Gordon, Baturen da aka yi wa ƙawanya a Hartum, a cikin tanti ba ta taɓa faruwa ba, wasiƙu kawai suka yi musaya. Hartum ta faɗi ranar 26 ga Janairu 1885, jiragen agaji suka iso bayan kwana biyu, Mahadi ya rasu a watan Yuni na wannan shekara. Mutuwar Gordon a saman matakala, yana tsaye shiru mayaƙa suna ja da baya kafin mashi ya tashi, an kwafo ta ne daga zanen George William Joy na 1893, ba daga shaidar da aka tabbatar ba. Nauyin haraji da zaluncin mulkin Turkawa da Misirawa, waɗanda suka sa mutanen Sudan suka bi Mahadi, kusan babu su a fim ɗin.

Ku lura da shekarun kuma. Indiya ta sami 'yanci a 1947, Sudan a 1956, kuma a wannan shekara aka kunyata Birtaniya a rikicin mashigin Suez. Kenya ta karɓi nata a Disamban 1963, wata ɗaya kafin a fara nuna Zulu a Landan. Ƙasar da daularta ke zamewa daga hannu ba za ta ji daɗin kallon kanta tana cin ƙasa ba, amma za ta ji daɗin kallon 'ya'yanta suna tsayawa da mutunci a wurin da 'yan siyasa suka yasar da su. Shi ya sa Firaminista Gladstone na fim ɗin Khartoum, wanda Ralph Richardson ya yi, ya fi kama da mai laifin labarin.

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, na gwada ma'auninki a kan The Four Feathers, sai na ga Harry ya sa an yi masa tambari da wuta a goshi domin ya wuce a matsayin ɗan wata ƙabila da aka yanke wa harshe. Ke nan ko ɗan ƙasar da ya fi kowa daɗewa a gaban kyamara Bature ne, kuma bebe. Baba, bayan Sanders, wanne zan bi da shi? Kuma akwai wanda ya fito daga cikin wannan gida ya soki al'adar?

Tsohon Malami ya rubuta:

Ka bi su da shekarunsu, ɗana, domin ka ga yadda murya take sauka. Bayan Sanders ka kalli The Drum, sannan North West Frontier na 1959, inda Kyaftin ɗin da Kenneth More ya yi yake gudu da wani ɗan sarki a tsohon jirgin ƙasa, fasinjoji suna gardama a fili a kan ko Turawa suna da hurumin zama a Indiya. Daga nan sai Lawrence of Arabia, wanda ya nuna ƙarara cewa an yi wa Larabawa alkawarin da ba a yi niyyar cikawa ba. Ka rufe da The Man Who Would Be King na 1975, wanda John Huston ya ɗauka a Maroko daga labarin Kipling na 1888. A can tsofaffin sajoji biyu, Sean Connery da Michael Caine, ba su ɓoye cewa sata ta kai su Kafiristan ba, kuma ranar da amarya ta ciji ɗayansu da mutanen ƙasar suka ɗauka abin bauta ne, jini ya fito, mulkin ya ƙare. Storm Over the Nile na 1955 kuwa kada ka wahalar da kanka, maimaicin The Four Feathers ne, har hotunan yaƙin na 1939 aka sake amfani da su.

Shi kansa The Four Feathers ka sake kallonsa, ka sa ido a kan teburin cin abinci. Tsohon Janar Burroughs, wanda C. Aubrey Smith ya yi, ba ya zama a liyafa sai ya ba da labarin yaƙin Kirimiya. Yakan jera 'ya'yan goro irin na Turawa su zama igwogin Rasha, ya dasa abarba ta zama shi kansa, ya tsoma yatsa a jar giya ya ja siririn layi a kan tebur ya ce ga sojojinsa. Kowa ya haddace labarin, babu mai iya katse shi. A ƙarshen fim ɗin, bayan Harry ya mayar wa abokansa uku da fararen gashin tsuntsun da suka aiko masa alamar ragonci, saura na huɗu, na Ethne, 'yar Janar ɗin. Ta tambaye shi wace bajinta zai yi ta karɓi nata. Sai ya katse surukinsa a tsakiyar labari, a gaban jama'a, ya ce ba umarninsa ne ya fara harin ba, dokinsa ne ya firgita da harsashi ya zabura da shi, sauran dawakai suka biyo baya. Tsoho ya yi ta muzurai, daga baya ya amsa cewa haka aka yi, yana ƙorafin ba zai ƙara iya ba da labarin ba. Sannan Harry ya miƙa wa Ethne gashin.